Mahaucin Bakura da Rijiyar Fatake

Duk ranar Talata, in Ɗan Juma ya gama sayen shanunsa a karar Mafara ya ɗora su a mota, sai ya biya gidan ƙanwarsa Zahra'u ya sha fura kafin ya koma Bakura. A irin wannan rana ce, bayan sun gama gaisawa ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta shiga ɗaki ta fito da wani abu a naɗe cikin baƙar leda, ta ajiye a gefen kwanon furar.

"Mi ne ne wanga?" in ji shi.

"Littafi ne, Yaya. Ba kai ka ce ka gaji da karatun allon shaguna da takardar magani ba? To ga na manya. Kwana bakwai ake ba kowa. Kuma akwai ɗan'uwanka ciki, wani mahauci. Kusan kowa ya ce shi ya yi kisan."

"Wane kisa?"

"Karanta ka gani."

Ɗan Juma mahauci ne, fawa gadon gidansu ce tun kaka da kakanni. Shekarunsa hamsin da biyar. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, ajami kuwa ba ya ba shi wahala, amma boko bai taɓa shiga ba sai shekara uku da suka wuce, lokacin da aka buɗe ajin manya a firamaren unguwarsu. Abin da ya kai shi ba wani abu ba ne illa ya gaji da miƙa wa mutane wayarsa su karanta masa saƙonsa. Ya iya karatu yanzu, sai dai a hankali, yatsa a kan layi, kuma bai iya yi a zuci ba, dole sai ya furta.

Littafin na Malam Rilwanu ne, malamin tarihi a wata sakandare a Mafara. A wurin wani mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi ya tsince shi a Gusau. Bango ya daɗe da cirewa, sunan marubuci ya tafi tare da shi, sunan littafin kaɗai ya rage a saman kowane shafi: Rijiyar Fatake. Labari ne na zamanin da, kafin zuwan Turawa. Ayarin fataken goro ya sauka a zangon wani gari, da gari ya waye aka tarar da shugabansu, Madugu Falalu, a yanke cikin rijiyar zangon. A bakin rijiyar ga jini, ga rago an yanka an feɗe, ga wuƙar Ɗanlami mahaucin garin a yashe cikin ciyawa. Alƙali ya ɗora wa magatakardansa nauyin gano wanda ya yi aikin.

Matsalar ita ce littafin ba shi da ƙarshe. A shafi na ɗari da arba'in da shida magatakarda ya tara kowa a zauren alƙali, ya ce a rufe ƙofa kada kowa ya fita, daga nan sai zare da guntun takarda. Malam Rilwanu ya nemi wani kwafin har ya gaji. Da ya rasa, sai ya ɗinke littafin rubutu na 'yan makaranta a bayansa, ya ce duk wanda ya karanta ya rubuta sunansa da garinsu da wanda yake zargi. Cikin shekara biyu littafin ya zaga Mafara, ya je Maradun, ya dawo, ya kwana a Damaga wurin wani malamin gona, ya sha ruwan sama sau ɗaya a jakar wani direba. Mutum ashirin da uku suka rubuta sunansu. Har zaure suka buɗe a waya inda suke musu a kai. Goma sha shida sun ce mahaucin ne. Sauran, da Malam Rilwanu a gaba, sun ce ƙanen madugu ne, don shi zai gaji ayarin.

Ɗan Juma ya fara karatu washegari bayan La'asar, da ya dawo daga rumfa ya yi wanka. Ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, matarsa Tabawa na gefe tana tsince shinkafa. Da yake a fili yake karantawa, ita ma sai ta shiga cikin labarin ba shiri. In ya tsaya yana kokawa da wata kalma, sai ta ce, "Haba Malam, ka bar madugu cikin rijiya, fiddo shi mana."

Kwana bakwai suka cika yana shafi na talatin da ɗaya. Zahra'u ta kira, ya ce a ƙara masa. Ta ƙara masa mako guda, ta je ta ba mutane haƙuri a zauren waya.

A mako na uku ya iso inda magatakarda ya koma bakin rijiya ya duba ragon nan. Marubucin ya ce fatar na shanye a kan dangar zango, rana na leƙowa ta hujin da ke jikinta guda uku, ƙudaje sun taru a kan tsokar da ta liƙe mata. Daga nan ya wuce zuwa wata maganar, kamar abin ba komai ba ne. Ɗan Juma ya karanta wurin, ya sake karantawa, ya ɗago kai.

"Tabawa, kin ji abin da na ji?"

"Na ji ƙudaje."

"Huji uku. Kuma da nama a jiki." Ya ajiye littafin a cinya. "Mutumin da sunka ce ya shekara talatin yana fawa? Ko Mu'awiya namu, sa'ad da yana ɗan shekara sha biyu, in ya huje mini fata wuri ɗaya sai ya ɓuya. Wagga ba fiɗar mahauci ba ce."

"To ta wa ce?"

"Shi zan nema."

Ya koma shafi na farko. Wannan karon ba labarin yake bi ba, hannuwan mutane yake bi. Duk inda aka ambaci wani ya ɗauki abu, ko ya miƙa, ko ya ɓoye hannu cikin riga, sai ya sa tsinken tsintsiya a shafin. Littafin ya cika da tsinkaye har ya kumbura. Tabawa ta ce in ya ci gaba haka ba za ta sami abin shara ba.

Mako shida cif littafin ya yi a Bakura. Wadda ke bi masa a layi, Zainab, ma'aikaciyar jinya ce a Maradun, ta yi magana sau uku a zauren waya, na ƙarshen da ɗan zafi. Ran wata Asabar da hantsi sai ga Malam Rilwanu da kansa a kan babur, ya tsaya a gaban rumfar Ɗan Juma. Suka gaisa sosai, aka tambayi gida da aiki da hanya, Ɗan Juma ya sa aka kawo masa tsire mai zafi. Sai da ya ci ya goge hannu sannan ya kawo abin da ya zo da shi.

"Baba, littafin nan jama'a na jira."

"Na gama, Malam. Jiya na gama. Ga shi nan na rubuta nawa."

Malam Rilwanu ya buɗe bayan littafin. A layi na ashirin da huɗu, da manyan baƙaƙe masu karkata, an rubuta: Ɗan Juma, Bakura. Jagaba. Jagaba shi ne mai nuna wa ayari hanya, amintaccen madugu na shekara da shekaru.

Malam ya yi murmushi, murmushin ya zama dariya. "Jagaba kuma, Baba? Mutumin da ya ɗaura igiya ya shiga rijiya ya fiddo gawar? Wanda ya yi kuka har ya suma? Mi zai samu in madugu ya mutu?"

"Abin da zai samu ban sani ba. Amma shi ne."

"Ka faɗi gaskiya, Baba, ɗan'uwanka mahauci kake karewa." Ya naɗe littafin ya sa a jaka. "Ba laifi. Karatun irin waɗannan littattafai sai da sabo. Na farko ne, ka yi ƙoƙari da ka kai ƙarshe."

Ɗan Juma ya fito daga rumfa. Ya raka shi har wurin babur, ya yi masa addu'ar sauka lafiya. Amma ranar yini ya yi yana sara ƙashi da ƙarfin da ya wuce kima, kuma da ya koma gida bai ci tuwo da yawa ba. Tabawa ta tambaye shi, ya ce, "Ya yi mini magana kamar ɗan aji ɗaya." Ta ce, "To ai ba ka daɗe da barin aji ɗaya ba." Ya harare ta, sannan su biyun suka yi dariya, ya jawo kwanon ya ƙarasa.

Littafin ya tafi Maradun. Kwana biyar da zuwansa, Zainab na zaune a wurin aiki tana ba abokiyar aikinta labarin Madugu Falalu, sai wani tsoho da ya zo awon jini ya juyo da kai. Alhaji Dikko sunansa, ya yi aiki shekaru da yawa a madatsar Bakolori yana kula da rabon ruwa a gonaki kafin ya yi ritaya. Idonsa ya yi rauni, sai da jagora yake tafiya mai nisa.

"Ɗiyata, wane Falalu kike magana? Na rijiya?"

"Shi fa, Baba. Ka san shi?"

"Yana cikin akwatina."

Zainab ta kusa zubar da abin da ke hannunta. "Har ƙarshe, Baba?"

"Har inda mai shi ya ce tamat."

Ta roƙe shi ya ba ta aro, ya ƙi. Ta ce to ta zo ta ɗauki hoton shafukan ƙarshe da waya, ya ce a'a. Da ta ba shi labarin mutum ashirin da huɗu da littafin rubutun da aka ɗinke, sai ya ce, "Shekara tara rabona da ganin baƙi a takarda. In suna son ƙarshen, su zo gidana su karanta shi da ƙarfi, ni ma in ji. Amma kowa sai ya faɗi nashi da bakinshi kafin a buɗe."

Zauren waya ya rikice ranar. Aka sa Asabar mai zuwa. Zahra'u ta kira yayanta, ya ce shi ba zai je ba, Asabar ranar ciniki ce. Ta ce, "Yaya, in kai ka yi kuskure, ba kai kaɗai ka yi ba. In kuwa ka dace, kai kaɗai ne. Mi ka rasa?" Tabawa ma ta sa baki, ta ce ita mako shida tana jin labarin nan, ba za ta yarda a ce ba wanda zai kawo mata ƙarshensa ba. Ya bar wa ɗansa Mu'awiya rumfa.

Sun haɗu a tashar Mafara da safe, su goma sha ɗaya. Sai da direba ya kira wani ɗan'uwansa da ya taso daga Maradun ya tabbatar hanya lafiya, sannan suka tashi. Shinkafa ta yi kore shar a gefen magudanan ruwa, masu albasa na ta ɗaure buhuna. A cikin mota musu bai tsaya ba. Ɗan Juma na kujerar baya kusa da taga, da farar rigarsa ta Juma'a, yana kallon gonaki.

Zainab ta tarye su ta kai su gidan. Alhaji Dikko ya sa an share zaure, an shimfiɗa tabarmi, ta maza daban ta mata daban. Gaisuwa ta ɗauki lokaci, don sai da ya tambayi kowa sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, kuma kusan kowa sai ya ce ya san wani nasa. Da ya zo kan Ɗan Juma ya ji sunan mahaifinsa, sai ya ce, "Na ci kilishin gidanku tun ba a haife waɗannan ba."

Aka jawo wani tsohon akwatin ƙarfe. Ya lalubo mabuɗi daga aljihu, ya buɗe, ya fito da littafin a naɗe cikin ƙyalle. Bangonsa na nan, ruwan ƙasa, da zanen rijiya da jakuna. Ya ɗora shi a cinya ya dafe da hannu biyu.

"Bismillah. Wa zai fara?"

Aka bi da bi. Masu cewa mahauci suka ce wuƙarsa ce, kuma shi ke yanka wa kowane ayari rago, don haka yana wurin da asuba. Malam Rilwanu ya yi bayani mai tsawo a kan yadda ake gadon ayari a wancan zamani, da yadda ƙanen madugu ya yi faɗa da wansa a kan rabon riba tun a hanya. Bayanin ya yi kyau, har wasu biyu suka ce sun sauya, sun koma bayansa. Alhaji Dikko na saurare, fuskarsa ba ta nuna komai.

"Saura ɗan gidan masu kilishi," in ji shi.

Ɗan Juma ya gyara zama.

"Ni ban san tarihi ba, Alhaji. Abin da na sani nama ne da fata. Mai littahi ya ce an iske rago a yanke bakin rijiya. To na farko, ba mahaucin da zai yi yanka inda mutane ke ɗibar ruwan sha. Ko ubanai bai hana shi ba, masu gari za su hana shi. Na biyu, ya ce fatar ta huje wuri uku, kuma da tsoka a jiki. Fata kuɗi ce wurin mahauci, hannunshi bai iya huje ta ko yana barci. Wanda ya feɗe ragon ga bai iya ba, kuma yana sauri. Mi ya sa mutum zai yanka rago wurin da bai dace ba, da hannun da bai iya ba? Don jinin rago ya rufe wani jinin. Ke nan wanda ya feɗe shi ne ya yi kisan."

Malam Rilwanu ya daina kaɗa ƙafa.

"Sai na koma na bi hannun kowa. A shafi na sha tara, ranar da sunka sauka, jagaba ya ƙirga jakuna da yatsunshi, ba abin da ya same shi. A shafi na hamsin da biyu, da ya fito daga rijiya, babban yatsanshi na hagu a ɗaure da tsumma, ya ce jaki ya cije shi. Ba wanda ya sake tambaya." Ya ɗaga hannunsa na hagu, ya nuna wani tsohon tabo fari a gindin babban yatsa. "Duk mai koyon fiɗa, da hagu yake jan fata, da dama yake bi da wuƙa. Nan take samun shi. Ga nawa, ina ɗan shekara tara. Ku je mayankar Bakura ku duba hannun kowa."

"Amma dalili fa, Baba?" Malam Rilwanu ya tambaya, wannan karon ba dariya. "Mutum bai kashe ubangidanshi haka kawai."

"Dalili yana cikin takardun da babu. Ni abin da ke akwai na karanta."

Alhaji Dikko ya ɗaga littafin. Malam Rilwanu ya matso ya miƙa hannu, don kowa ya ɗauka shi zai karanta.

"Ɗiyata Zainab ta ce akwai wanda ya riƙe shi mako shida," in ji tsohon. "Wane ne?"

"Ni ne, Alhaji," Ɗan Juma ya ce yana duban ƙasa.

"To kai za ka karanta. Ni tsoho ne, ban son mai gudu."

Ɗan Juma ya so ya ƙi, amma littafin ya riga ya iso hannunsa. Ya goge tafinsa a riga, ya buɗe shafi na ɗari da arba'in da bakwai, ya ɗora yatsa a layin farko. Ya yi tuntuɓe a kalma ta huɗu. Wani ya buɗe baki zai taya shi, Zahra'u ta ce, "Ku ƙyale shi." Ya sake ɗaukowa, ya wuce.

A cikin littafin, magatakarda ya sa aka kawo akuya, ya ce Ɗanlami mahauci ya feɗe ta a gaban alƙali. Ɗanlami ya feɗe ta kafin a gama shan ruwa, fatar ta fita sumul. Magatakarda ya ɗaga ta sama, ba inda haske ya ratsa. Sannan ya sa aka kawo fatar ragon bakin rijiya ya ɗaga, haske ya faɗo a ƙasa wuri uku.

Zainab ta dafe baki. Wani daga cikin mazan ya ce, "La ilaha illallahu." Ɗan Juma bai ɗago ba, yatsansa na ci gaba da tafiya, sai dai muryarsa ta ƙara ƙarfi, ya daina tuntuɓe a kalmomin. Ya juya shafi. Magatakarda ya zagaya zauren alƙali yana duban mutane, ya wuce ƙanen madugu, ya tsaya a gaban wani, ya ce masa ya kwance tsumman da ke yatsansa a ga haƙoran jakin.

"Sai jagaba," Ɗan Juma ya karanta, ya maimaita, "sai jagaba ya ɓoye hannunsa cikin riga."

Zahra'u ta rangaɗa guɗa har wasu mata suka leƙo daga cikin gida. Zauren ya kaure. Masu cewa mahauci suna salati, direban da ya kawo su, wanda bai taɓa ganin littafin ba sai ranar, yana ta buga cinya yana cewa shi tun a mota ya ga wannan dattijon ya san abin da yake yi. Alhaji Dikko na dariya har hawaye na zubo masa, yana cewa, "A bari ya ƙarasa, a bari ya ƙarasa!"

Ya ƙarasa shafuka goma sha ɗaya da suka rage. Ashe jagaba ya haɗa baki da 'yan fashi zai bi da ayarin ta inda suke kwanto, madugu ya gane, ya ce zai kai shi gaban alƙali da safe. Shi ne ya saci wuƙar mahauci a rumfarsa, ya yi abin da ya yi. Aka saki Ɗanlami, alƙali ya ba shi riga. Da Ɗan Juma ya kai kalmar ƙarshe ya rufe littafin, rigarsa ta jiƙe da gumi, ana kiran Azahar a masallacin unguwa.

Malam Rilwanu ya taso daga inda yake, ya zo ya durƙusa a gabansa.

"Baba, na yi maka magana a Bakura wadda ba ta dace ba. Ka yafe mini. Sau huɗu na karanta littafin ga, ban taɓa ganin fatar nan ba."

"Ba komai, Malam. Kai ka san gadon ayari, ni ban san shi ba sai yau. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

"Ni ma fa mahaucin na zarga," in ji Alhaji Dikko. "Shekara talatin da wani abu ke nan, a bakin madatsa na karanta shi. Da na kai ƙarshe na ji kunya, na yi mako ina sayen nama fiye da buƙata."

Bayan sallah aka kawo shinkafa da miyar kifi. Ana cikin ci tsohon ya kira Zainab, ya miƙa mata littafin da ƙyallensa. Ya ce a je a buga shafukan ƙarshe a ɗinke a bayan na Malam Rilwanu, nasa kuma kada a dawo masa da shi, a sa shi a layi ya zaga, ya ishe shi zaman akwati. Sharaɗinsa ɗaya, a liƙe babin ƙarshe da zare, kowa ya rubuta zarginsa kafin ya tsinke. Nan take aka fara musun wa zai fara ɗauka. Malamin gonar Damaga ya ce mutanensu bakwai ke jira. Ɗan Juma ya ce a yi haƙuri, akwai wadda ta riga kowa, tana Bakura tana jiran ƙarshen labari, in ya koma hannu sake ba zai sha ruwa a gidan ba. Aka ba shi kwana uku. Ya mayar a kwana biyu.

A hanyar dawowa Malam Rilwanu ya sauya wuri da wani, ya zauna kusa da shi a baya. Ya ce yana da ɗalibai sittin da ke karanta shafi su rufe ba su san abin da ke ciki ba, yana roƙon ya zo ya nuna musu yadda ya yi. Ɗan Juma ya ce shi mi zai gaya wa 'yan sakandare. Malam ya ce abin da ya faɗa a zaure, shi kaɗai ya isa. Suka yi ta ja har mota ta shiga Mafara. A tasha ya ce to, amma ba Talata ba, ba Asabar ba.

Ranar Alhamis ya je. Bai taɓa shiga ajin sakandare ba. Da ya sa ƙafa, ɗalibai suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe shi, ya rasa inda zai sa hannunsa. Malam Rilwanu ya karanta musu shafi biyu daga tsakiyar littafin, ya tambaye su abin da suka gani, suka ce magatakarda ya je zango ya dawo. Sai Ɗan Juma ya karɓa ya sake karanta musu shafukan a hankali, yana tsayawa yana tambaya. Wa ke tsaye? Mi ke hannunshi? Mi ya sa mai littahi ya faɗi wanga, alhali yana iya ƙyale shi? Tun suna jin kunya har suka fara ɗaga hannu. Wata yarinya 'yar gidan masu jima ta gano maganar fatar kafin ya kai wurin, ya ce a tafa mata, aka tafa.

An ce masa minti arba'in ne. Aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya tashi. Malamin lissafi ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da allinsa, ya saurara kaɗan, sai ya jawo benci ya zauna. Ɗan Juma bai isa Bakura ba sai bayan Azahar, ya tarar Mu'awiya ya sayar da naman ranar kakaf, yana wanke tebur.